DODON SILIMA DA DODON CIKIN GIDA

Abin da finafinan ban tsoro ke nuna mana game da halin da samari da 'yan matanmu ke ciki

Duk wanda ya daɗe a Ikko ya san lokacin da Pen Cinema ta Agege ta ke gidan silima na sosai, tun ba ta zama sunan mahaɗar motoci da gada ba. A wancan zamani, in an tashi daga kasuwa an yi sallar isha'i, sai ka ga 'yan'uwanmu 'yan Arewa sun yi layi suna yankan tikiti, galibi don kallon Indiya ko Canis. Yaro kuwa bai isa ya leƙa wurin ba, in ma ya leƙa to a sace ne, ran da aka kama shi kuwa jikinsa ya gaya masa. Yau ga shi silima ta baro gidanta ta shigo aljihun kowane yaro, har tana kwana da shi a ƙarƙashin bargo.

Ran nan muna zaune a ƙofar rumfar wani dattijo mai sayar da goro, sai ya shiga kawo mini kukan ɗansa, ɗan shekara 15. Ya ce yaron nan ya daina magana da kowa a gida, abinci ma sai an yi da gaske ya ke ci, in dare ya yi kuma ba shi da aiki sai kallon finafinan dodanni da fatalwa a waya har kiran assalatu. Ya ce ya ƙwace wayar har sau biyu, ya yi duka, ya yi nasiha, duk a banza. Ya dube ni ya ce, “Malam, wai me yaro zai tsinta a cikin wannan shirme?”

Ni ma a lokacin ba ni da amsa. Amma tambayar ta tsaya mini a rai, har na nemo waɗansu daga cikin finafinan, tsofaffi da sababbi, na zauna na kalle su a tsanake. Abin da na gano shi ne na ga ya kamata in kawo wa masu karatun wannan shafi, musamman iyaye. A taƙaice, waɗanda suka fi ma'ana a cikinsu labari ɗaya su ke ta maimaitawa: yaro yana cikin wani hali, ya faɗa da baki ko ya nuna alama, manya ba su saurara ba, har abin ya girma ya zama dodo.

DODO BA BAƘONMU BA NE

Kafin mu ƙetara teku, ya kamata mu tuna cewa mu ma da dodo aka yi renonmu. Wa ya manta da daren farin wata, ana zaune gaban kaka ana ta gatanan gatananku? A tatsuniyoyinmu akwai Dodon da ke tare bakin rafi, akwai wanda ke rikiɗa ya zama kyakkyawan saurayi ya auri budurwar da ta ƙi samarin garinsu, akwai matar da ta yi wa Dodo alkawarin abin da ke cikinta don ya taimake ta, ran da yarinya ta girma ya zo karɓar bashinsa. Ga kuma marainiya da kishiyar uwa ke aikawa inda ba a dawowa.

In mutum ya duba da kyau, zai ga tsoffin nan ba tsoratarwa kawai su ke yi ba. Suna magana ne a kan fargaban budurwar da za a kai gidan da ba ta sani ba, da bashin da iyaye ke ci 'ya'ya su biya, da zaluncin da a ke yi wa maraya a cikin gida. Abin da kunya ta hana a faɗa a fili, sai a ɗora wa Dodo. To, masu shirya finafinan ban tsoro ma haka su ke yi, sai dai su da na'urar ɗaukar hoto.

YARINYAR DA AKA YI WA WANKA DA JINI

Mu fara da fim ɗin Carrie, wanda Brian De Palma ya shirya a Amurka a 1976. An ɗauko shi daga littafin Stephen King na farko, wanda aka buga a 1974. Shi King malamin makarantar sakandare ne sa'ad da ya rubuta shi, ya kuma bayyana cewa waɗansu 'yan mata biyu ya tuna, waɗanda ya sani tun yana ɗalibi, 'yan aji suka mai da su abin tsokana. Dukansu biyu sun mutu da ƙuruciyarsu.

Carrie 'yar shekara 16 ce, mai yawan kunya, ba ta da ƙawa ko ɗaya. Ran da ta fara ganin al'ada, a wurin wankan makaranta abin ya same ta, ba kuwa wanda ya taɓa yi mata bayani, sai ta zaci mutuwa ce ta zo. Ta fito tana kururuwa tana neman taimako, 'yan ajinsu suka kewaye ta suna shewa suna jifanta da audugar mata. Da aka kai ta ofis, shugaban makarantar ko sunanta bai riƙe daidai ba. Da ta koma gida, uwarta, wadda tsanani ya kai ta ga ganin kome zunubi ne, ta ce wannan jini alamar saɓo ne, ta ja ta ta kulle a wani ɗan ɗaki kamar akurki wai ta yi ta tuba.

Daga nan fim ɗin ya nuna yarinyar tana da wata baiwa, watau in ranta ya ɓaci tana iya motsa abu ba tare da ta taɓa shi ba. Da bikin rawa na ƙarshen shekara ya zo, wata daga cikin 'yan matan da ta yi nadama ta roƙi saurayinta ya raka Carrie. Mugayen kuwa suka ƙulla aka zaɓe ta sarauniyar biki. Tana tsaye kan dandamali, karo na farko ke nan a rayuwarta da a ke tafa mata, sai aka juye mata bokitin jinin alade a ka. Ta rufe ƙofofin zauren, wuta ta tashi, kusan kowa ya halaka.

Akwai wani wuri a nan da ya fi kama ni. Sa'ad da jinin ya zubo, 'yan kaɗan ne suka yi dariya, sauran jama'a tsit suka yi don kaɗuwa. Amma a idon Carrie kowa dariya ya ke yi, har da malamar da ta fi kowa tausayinta, domin tun a gida uwarta ta riga ta gaya mata dariya za a yi mata. Haka abin ya ke ga yaron da aka daɗe ana wulaƙantawa, ya kan kai matsayin da ko murmushi aka yi masa sai ya ɗauka ba'a ce.

To, jama'a, in an cire maganar baiwar nan, me ya rage? Yarinya ce da ba a yi mata bayanin jikinta ba, aka ci zalinta a makaranta, ta zo gida ba ta sami mai lallashinta ba. Shin wannan sai Amurka? Mu da al'ada ta sa uwa ke jin nauyin 'yarta, balle 'yar fari wadda ko sunanta ba ta faɗa. A gida Arewa abin da sauƙi, domin akwai goggo da inna da kaka waɗanda ke ɗauke wa uwa wannan nauyi. A nan Kurmi kuwa, a ɗakin haya ciki da falo, ina goggo ina kaka? Mun taho da kunyar, mun baro waɗanda ke cike gurbinta a can.

YARON DA YA ƘI BARCI

Na biyu shi ne A Nightmare on Elm Street, wanda Wes Craven ya shirya a 1984. Asalinsa ma ya isa ya sa duk baƙo a ƙasar wani ya tsaya ya yi tunani. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, an yi ta samun 'yan gudun hijira daga Kudu maso Gabashin Asiya, waɗanda yaƙi ya koro zuwa Amurka, suna mutuwa cikin barci alhali sun kwanta lafiya lau. Craven ya ce ya karanta a jaridar Los Angeles Times labarin wani saurayi daga cikinsu, wanda ya gaya wa iyayensa cewa wani abu na binsa a mafarki, in ya yi barci zai kama shi. Ya yi kwana da kwanaki ya ƙi runtsawa, iyayen suna ta cewa ya kwanta ba kome. Ran da barci ya sace shi suka yi hamdala, can tsakar dare suka ji ihu, kafin su isa ya cika.

A cikin fim ɗin, wani mai suna Freddy ne ke zuwa wa samari da 'yan matan wata unguwa a mafarki, wanda ya kashe a mafarki kuwa ya mutu ke nan a farke. Yarinyar da labarin ya fi shafa, Nancy, ubanta ɗan sanda ne, uwarta mashayiya ce, aurensu kuma ya mutu. Ta gaya wa uban, ya ce gajiya ce. Ta gaya wa uwar, ta ce ta je ta kwanta. Sai ta koma shan kofi da ƙwayoyin hana barci a ɓoye. Daga baya ne asiri ya tonu: shi Freddy mai kisan yara ne da kotu ta saki saboda kuskuren takarda, iyayen unguwa suka taru suka ƙone shi, suka kuma haɗa baki ba za su gaya wa 'ya'yansu ba. Watau bashin iyaye ne ya faɗo kan 'ya'ya, kamar dai a tatsuniyarmu.

Abin da uwar Nancy ta yi kuwa shi ne abin lura. Da ta ga 'yarta na neman zaucewa, sai ta sa aka girke ƙarafa a tagogin gidan, ta kulle ƙofa, wai tana kare ta. Alhali abin da ke bin yarinyar ba ta taga ya ke shigowa ba, yana cikin kanta. Sai ya zama ta kulle 'yarta tare da abin da ke neman ranta. Da na kalli wannan wuri, abokina mai goro na tuna da wayar da ya ƙwace har sau biyu.

A kashi na uku na fim ɗin, wanda ya fito a 1987, an ma mai da labarin asibitin masu taɓin hankali ɗungum. Yaran da ke kwance a can duk mafarki ɗaya su ke yi, amma babbar likitar wurin ta ce ruɗu ne, maganinsu allurar barci.

HANNUN GAWA DA WAYAR HANNU

Kada a ce duk tsofaffin finafinai na ke kawowa. Ga Talk to Me, wanda waɗansu tagwaye 'yan Ostireliya, Danny da Michael Philippou, suka shirya, aka fara nuna shi a 2022, ya bazu duniya a 2023. Mia 'yar shekara 17 ce, uwarta ta rasu shekara biyu da suka wuce, ita da ubanta suna gida ɗaya amma ba mai iya duban ɗan'uwansa ya yi maganar rasuwar. Sai ta tare a gidan su ƙawarta.

Samarin garin suna da wani wasa. Akwai wani busasshen hannu da a ke cewa na gawar wani boka ne, in ka riƙe shi ka yi kira, sai fatalwa ta shiga jikinka. Ƙa'ida ita ce kada a wuce daƙiƙa 90. Wanda abin ya hau sai ya yi ta fizge-fizge, idanu su juye, sauran kuwa suna kewaye da shi suna dariya, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Mia ta shiga wasan don a daina ganinta saniyar ware, ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba, ta koma, ta sake komawa. Ran da ƙanen ƙawarta ya riƙe hannun, sai ta ji kamar muryar uwarta ce ke fita daga bakinsa, ta roƙa a ƙara masa lokaci, yaron ya ji mummunan rauni. Can gaba ne uban ya fito da wasiƙar da uwar ta bari, wadda ya ɓoye shekara biyu, ta nuna cewa matar ta daɗe tana fama da ciwon damuwa, ita ta ɗauki ranta.

Ba sai an gaya wa kowa abin da hannun nan ke nufi ba. Danny Philippou ya ce hoton wani yaron unguwarsu ya gani, ya sha ƙwaya ya faɗi yana shure-shure, abokansa suna dariya suna ɗauka a waya. Mu ma mun san irin wannan hannu. A 2018 ne BBC ta nuna yadda maganin tari mai kodin ke cin samari da 'yan mata a Nijeriya, har Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Abin da fim ɗin ya ƙara mana shi ne dalili. Mia ba 'yar iska ba ce, marainiya ce da ba ta sami wanda za ta yi kuka a gabansa ba. Sau da yawa mu kan ga kwalba a aljihun yaro mu hau shi da duka, ba mu tambayi abin da ya ke neman mantawa ba.

FATALWAR MAKARANTA

Makaranta ma ba a bar ta a baya ba. A Koriya ta Kudu, inda jarrabawa ke neman ran ɗalibai, an yi wani fim a 1998 wanda aka sani da sunan Whispering Corridors. Labarin wata makarantar 'yan mata ne inda malamai ke duka da zagi da fifita masu ƙoƙari. Wata ɗaliba da ta mutu a makarantar tana ta dawowa aji da sabon suna, shekara da shekaru, ba abin da ta ke nema sai ƙawa, ba kuwa malamin da ya lura fuska ɗaya ce, domin maki su ke dubawa.

A nan gida, duk wanda ya yi makarantar kwana a Kudu ya ji labarin Madam Koi Koi, fatalwar malama mai jan takalmi da a ke jin ƙwas-ƙwas ɗinta da dare. A 2023 an mai da labarin fim a Netflix, aka kuma ɗora shi a kan fyaɗen da a ke yi wa ɗalibai mata, shugabar makaranta tana rufewa don kare sunan makarantarta. Ko'ina aka je dai, fatalwa ba ta fitowa sai inda manya suka binne wata magana.

ALJANI NE KO CIWO?

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Mu Musulmi ne, mun yi imani da akwai aljanu, ba kuwa wanda zai zo ya kankare mana wannan. Tambayar ita ce, duk yarinyar da ta faɗi tana sambatu, ko yaron da ya daina magana, aljani ne?

Fim ɗin The Exorcist na 1973, wanda William Friedkin ya shirya, a kan wannan gaɓa ya tsaya. Regan 'yar shekara 12 ce, iyayenta sun rabu, uban yana Turai, ko ranar zagayowar haihuwarta bai kira ta ba, ita kuwa tana laɓe tana jin uwarta na zage-zage a waya tana nemansa. Bayan haka ne halinta ya fara sakewa. Uwar ta kai ta wurin likitoci, aka yi gwaji iri-iri, sa'an nan aka nemo wani limamin Kirista. Shi limamin nan kuwa likitan ƙwaƙwalwa ne da kansa, bai kuma yarda ya nemi izinin korar shaiɗan ba sai da ya zauna da yarinyar ya bincika. Fim ɗin ya ƙare a kan cewa shaiɗan ne, amma sai da aka bi ta asibiti tukuna.

Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a wajen 1995 ba, sa'ad da 'yan matan makarantun sakandare suka riƙa faɗuwa suna wata irin rawa da aka laƙaba wa suna Sumbuka. Malamai suka yi ta ruƙiyya, likitoci kuma suna da nasu bayani, domin an sha ganin irin wannan a makarantun 'yan mata a ƙasashe da dama, musamman inda akwai matsi da tsoro. Kowane ɓangare mutum ya ɗauka, ya kamata a tambayi su 'yan matan abin da ke damunsu.

Ba dole ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. A nan kusa da mu, a Aro ta Abekuta, marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a 1954. Maimakon a kulle majiyyaci, sai a saukar da shi a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa shan magani da rana, yana kwana cikin mutane. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Saboda haka a yi addu'a, a yi tofi, a kuma je asibiti, addininmu ma neman magani ya umarce mu da shi. Abin da ba shi da gurbi shi ne mari da sarƙa da bulala. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, ɗaruruwan maza da yara, da yawansu a ɗaure, galibi kuma iyaye da dangi ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali.

INDA SILIMA TA YI KUSKURE

Kada mai karatu ya ɗauka ina yi wa finafinan nan talla ne. Suna da nasu laifi, babba kuwa. Da yawansu sun mai da mai taɓin hankali shi ne dodon. A fim ɗin Halloween na 1978, yaro ya kashe yayarsa yana ɗan shekara 6, aka tsare shi a asibiti shekara 15, ya tsere ya dawo yana yanka mutane, likitansa ma cewa ya ke ba mutum ba ne, sharri ne tsantsa. Daruruwan finafinai sun bi wannan sawu. Gaskiyar magana kuwa, mafi yawan masu ciwon ƙwaƙwalwa ba sa cutar da kowa, su a ke cuta. Irin wannan hoto shi ke sa iyali su ɓoye ɗansu don kada a ce akwai hauka a gidansu a ƙi auren 'ya'yansu.

Na biyu, fim irin na Carrie ya ƙare da ramuwar gayya, wanda ba darasin da za a so yaron da a ke zalunta ya ɗauka ba ne. Na uku, akwai tsiraici da zubar da jini da ba su dace da tarbiyyarmu ba, a ƙasashen da aka yi su ma an yi musu alamar ba na ƙananan yara ba ne. Akwai kuma tarin waɗanda ba kome cikinsu sai ƙazanta. Raba dare ana kallo kuwa, ko wa'azi ne, yana hana barci, rashin barci kuma yana ƙara wa mai damuwa damuwa.

MU DA KE NAN KUDU

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, rabin irin waɗannan lalurori kuma tun kafin shekara 14 ko a daidai nan su ke somawa. Ta kuma ce kashe kai yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke matasa masu shekara 15 zuwa 29. In a layinku akwai yara 21, sai ka yi lissafi da kanka.

'Ya'yanmu da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Anaca suna ɗauke da wani kaya da mu ba mu ɗauka ba. Mu mun san inda muka fito, in an zage mu a kasuwa mun san akwai garin da a ke kiranmu da sunan ubanmu. Su kuwa a makaranta 'yan Arewa ne, a yi ta kwaikwayon maganarsu, in an je gida da salla kuma a ce 'yan Kudu ne, Hausarsu ta karye. Uba ya fita tun duku-duku zuwa Mile 12 ko kara, ba ya dawowa sai yara sun yi barci. Wa yaron zai gaya wa?

Ga alamun da likitoci ke cewa a lura da su, musamman in sun wuce mako biyu: yaro ya janye daga mutane, ya bar abin da ya saba so, barcinsa ko cin abincinsa ya sake, karatunsa ya faɗi farat ɗaya, ya riƙa fushi ko kuka ba dalili, ko a ga tabon yanka a jikinsa. In har ya ambaci mutuwa ko ya ce gara ba shi, kada a ce neman magana ya ke yi, kada kuma a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Yaba ta Ikko da Aro ta Abekuta da Binin da Inugu da Kalaba, asibitocin koyarwa irin na Badun ma suna da wannan sashe. A watan Janairu na 2023 kuma, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majiyyaci haƙƙin a kula da shi da mutunci.

Da na koma wurin abokina mai goro, na gaya masa abin da na gani, na ce wannan karo kada ya ƙwace waya, ya sa ƙanensa, wanda yaron ya fi sakin jiki da shi, ya zauna ya tambaye shi wane fim ya fi so, wa kuma ya fi ba shi tausayi a ciki. Bayan kwana biyu dattijon ya zo mini jikinsa a sanyaye. Ashe wata da watanni ke nan waɗansu 'yan ajinsu sun laƙaba masa Boko Haram, suna tare shi a hanya, ya kuma taɓa fara gaya wa uban, uban ya ce shi namiji ne ya daure. Dattijon ya ce wallahi ko tuna ranar bai yi ba. Ban ce an warware kome ba, amma an je makarantar, an kuma kai yaron wurin likita, ya fara zama cin tuwo da 'yan'uwansa.

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, suna kuma cewa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma mai tanƙwarawa sai ya duba ko akwai tsutsa a ciki, don kada ya karye a hannunsa. Ina roƙon sarakunan Hausawa da limamanmu da malaman Islamiyya na unguwanninmu su sa wannan magana cikin huɗuba da taro. Ku kuma samari da 'yan mata masu karanta wannan shafi, in abu ya dame ku, ku nemi babba ɗaya da kuka amince da shi ku gaya masa, in bai ji ba ku gaya wa wani.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kuma mai da kowa gida lafiya. Amin.